Ƙwayar Da Aka Kama Malam Da Ita

Litinin, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Malam bai dawo daga Kurfi ba. Tun hantsi ya hau babur, ya ce kafin azahar yana gida, in dama masa fura. Furar tana nan a rufe, har ta fara tsami. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka. Na ce wa yarinyar nan ruwa ne ya tsare shi, alhali ko ɗigon hadari babu ta wajen Kurfi.

Yau ce ranar karɓo abin. Da safe na girgiza gwangwanin, abin da ya rage bai ko rufe gindinsa ba.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Alhaji Hudu, yayan Malam, ya zo. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya ya kira ni. Ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba.

"Hussaina, mi Atiku ke yi da ƙwaya?"

Na ce, "Wace ƙwaya, Alhaji?"

Ya ce jami'an hukumar hana shan ƙwaya ne suka sa shinge tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Sun laluba aljihun Malam, suka sami fararen ƙwayoyi an ɗaure su ƙulli-ƙulli a leda, babu kwali, babu takardar likita. Suka tambaye shi ta wace ce, ya ce tasa ce, daga nan bai ƙara ko uffan ba. Sun wuce da shi ofishinsu na Katsina.

"Mutum da hurhura a gemu! Ke da kike kwana ɗaki guda da shi, ba ki san komi ba?"

Na ce ban sani ba. Ya dube ni irin duban da ake yi wa awon da bai cika ba, ya tafi.

Na sani mana. Maganin yarinyar nan ne, 'yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kira don kunya. Tana 'yar shekara takwas ciwon ya fara kada ta, a gaban murhu, idanu suka juye, kumfa a baki. Ba zan rubuta sunan ciwon ba, a gidan nan ba a faɗinsa. Likita a Katsina ya rubuta mata wannan ƙwaya, tun da ta fara sha sai ta shekara ba ta faɗi ba. Wata rana a layin asibitin Malam ya hango wani mutumin unguwarmu, ya ja yarinya suka fito ta baya, bai sake taka wurin ba. Ya ƙone katin. Daga nan sai Kurfi, wajen Dalhatu mai kemis, inda ba a san mu ba. Malam a bayan shagon yake zama ya ɓare ƙwayoyin daga kwali, ya ƙulla na kowane mako daban, kamar yadda ya saba ƙulla wa mata kanwa da barkono a rumfarsa. Wai don ko kwali kada ya shigo Dutsin-Ma wani ya karanta.

To ga shi an karanta abin da ya fi kwalin muni.

Laraba, 3 ga Satumba, da azahar

Ranar kasuwa, rumfar Malam a rufe. Duk wanda bai ji ba jiya, yau ya ji.

Kande maƙwabciyata ta shigo aron rariya. Rariyarta biyu, na sani, ni na raka ta sayen ta biyun. Ta tsaya tana jajanta mini da baki, idanunta kuwa suna lissafin tukwanena, kamar za ta ga ƙwaya tana leƙowa daga ƙarƙashin murfi.

"Allah shi kyauta, Maman Fiddausi. Mutum ba a sanin cikinshi."

Na ce amin. Na miƙa mata rariyar da ta huje.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan magariba

Mun je Katsina da Alhaji Hudu. Tun daga tasha har muka sauka bai ce mini komai ba sai "matsa".

Wata jami'a ce ta karɓe mu, mace mai natsuwa, ta ba ni kujera. Ta ce ƙwayar ba haramtacciya ba ce, magani ne na gaske, amma tana cikin waɗanda doka ta ce ba a sayarwa ba a riƙewa sai da takardar likita, saboda matasa suna haɗiyarta don su bugu. Ta ce yadda aka ƙulla ta, haka masu sayarwa suke ƙullawa.

"Hajiya, in akwai mara lahiya a gida, ku hiɗi. Doka ba ta hana magani ba, so take ta san mai shi. In babu, kotu za a kai shi."

Alhaji Hudu ya yi caraf ya ce, "Mu zuri'armu ba mu da wani ciwo."

Aka fito da Malam. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, wuyanta ya yi baƙi. Na kai masa dambu bai ko buɗe ba. Da Alhaji ya juya yana magana da jami'ar, sai Malam ya sunkuyo kamar zai gyara takalmi.

"Nawa ya rage mata?"

Na ce kaɗan.

"Ki tahi wurin Dalhatu. Kuma ki ji ni da kyau, Hussaina. Kada ki buɗe baki. In kika hiɗi, ban yahe ba."

Na ce, "Malam, kotu fa suka ce."

"Ni namiji ne, in na shiga zan hito. Ita in sunan ya hau kanta, har kabari."

Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa ce mini bai yafe ba, ko ranar da na ƙona masa babbar riga da dutsen guga. A mota na yi ta kallon gero ta taga don kada Alhaji ya ga idona.

Juma'a, 5 ga Satumba, da yamma

Mata biyu da suka kawo mini ɗinki sun aiko a karɓi atamfofinsu, ba a ɗinka ba. Wai sun fasa.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Na je Kurfi. Na sa nikabi, abin da ban saba ba, na yi ta tuntuɓe kamar makauniya. Na sami shagon Dalhatu a buɗe, yana ciki yana sauraron rediyo. Na jira wani tsoho mai sayen maganin tari ya fita, sannan na matsa na ce ni matar Malam Atiku ce.

Ya kashe rediyon. Ya leƙa waje dama da hagu.

"Ban san wani Atiku ba."

Na ce, "Malam Dalhatu, ka dubi Allah. Ɗiya ce. Ko na sati guda ka ba ni."

"Hajiya, ba takarda, ba magani. Haka doka ta ce. Kina so a ƙulle mani shago? Ni ma ina da ɗiya."

Shekara da shekaru yana ba Malam ba tare da takarda ba, yau ya tuna da doka. Na so in faɗa masa haka da ƙarfi har masu kayan miya su ji, sai na tuna in na ɗaga murya, abin da nake ɓoyewa shi zan tallata. Na haɗiye, na fito.

A Dutsin-Ma ba zan iya tambaya ba. Duk kemis ɗin da na shiga, ko ɗan ajin yarinyar nan ne a ciki, ko wanda uwarsa ke kawo mini ɗinki. Kuma yanzu matar wanda aka kama da ƙwaya ta je neman ƙwaya?

Da na dawo na ɗauki reza na raba abin da ya rage biyu-biyu. Na ce mata sabon samfuri ne, ƙarami amma ya fi ƙarfi.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan isha'i

Zaharaddin bai zo zance ba. Yaron kirki ne, malamin firamare a Karofi, ita ta zaɓe shi, iyayensa har sun zo gaisuwa kafin damina. Duk Lahadi kafin a kira isha'i ake jin babur ɗinsa. Yau ta yi wanka, ta sa kwalli, ta zauna bakin ƙofar ɗaki da waya a cinya. Can ta tashi ta goge kwallin, ta ce barci take ji.

Don wannan auren Malam yake zaune a can. Don kada a ce kada a auri mai ciwon nan, kada a ci abincin hannunta, kada a sha a kofinta. To 'yar dillalin ƙwaya fa, rububinta ake yi? Na rasa wanda zan yi wa wannan tambayar, shi ya sa na rubuta ta.

Litinin, 8 ga Satumba, da safe

Ba wanda ya zo.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Ta kai zoɓo da kunun aya shagon da take kaiwa a bakin makaranta, an karɓa. Har yanzu dai ana shan abin hannunta. Ta dawo tana ba ni labarin wata ɗaliba da ta sha gora uku a tsaye, muka yi dariya, dariyar ta yi ƙara da yawa a tsakar gidan sai muka yi shiru.

Na gaya mata sharri aka yi wa babanta, wani ne ya ba shi saƙo bai san abin da ke ciki ba. Ta ce, "Allah shi isam mashi." Ban ce amin ba, na yi kamar zare ya sarƙe mini.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Alhaji Hudu ya je shi kaɗai, ya ce ba sai na bi shi ba. Ya dawo yana faɗa. Wai an sake tambayar Malam wanda ya sayar masa da wanda yake kai wa, ya ce shi dai tasa ce. Sun ce in ya ci gaba da haka, bayan mako mai zuwa za su miƙa shi kotu.

"Taurin kai tun shina yaro. Ni ya ja ma kunya. Jiya a masallaci liman ya yi wa'azi bisa masu sai da ƙwaya, kowa ya waiwayo ya dube ni!"

Shi abin da ya dame shi ke nan, an waiwayo an dube shi. Ban ji ya ce ko Malam ya ci abinci ba. Da na tambaya ya ce bai lura ba.

Ni ban ga laifin liman ba. Ina ganin yaran nan a bayan tasha, ido jajur, miyau na zuba, ɗan ƙanwar Kande yana cikinsu, yaron da ya yi saukar Alƙur'ani. Duk wanda ke sayar musu, Allah ya tona shi. Ban ga laifin dokar ba ma. Abin da ke ci mini rai shi ne ita dokar suna kawai take nema, mu kuma sunan ne ba mu iya bayarwa.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Na share ɗakin Malam, na shanya shimfiɗarsa duk da ba wanda ya kwanta a kai. Hularsa ta Juma'a tana rataye. Na ji mutane suna dawowa daga masallaci, suna wuce ƙofarmu, ba wanda ya yi sallama. Da can kuwa zauren nan ba ya rabo da masu zuwa shan fura da gardamar farashin masara.

Na kira yayata da ke Kuki, muka gaisa, ta ce ta ji abin da ya faru, in yi haƙuri, maza sai a hankali. Bakina ya buɗe zan gaya mata. Ita ma ba ta sani ba, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai na tambaye ta ko wake ya yi kyau bana.

Ina jin haushin Malam. Bari in rubuta tunda ba mai gani. Ya zaɓi zama gwarzo, ya bar ni da reza da gwangwani. Shi a can ko ba komai yana da waɗanda zai yi wa shiru. Ni nan bango nake yi wa.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan isha'i

Yau ba ta sa kwalli ba.

Litinin, 15 ga Satumba, da safe

Ta ce kanta yana sara, kuma tana jin warin ƙonannen abu. Babu abin da ke kan wuta. Na san wannan warin, shi ke riga ciwon zuwa. Na ce ta kwanta, ta ce zoɓo ba ya tace kansa.

Rabi ɗaya ya rage. Na ba ta.

Talata, 16 ga Satumba, bayan azahar

Ciwon ya zo.

Tana tsugune tana tace zoɓo sai na ji ƙarar nan da ba ta kama da muryarta, roba ta kife, jan ruwa ya malale tsakar gida. Abin da na fara yi shi ne na ruga na sa wa ƙofar zaure sakata. Ƙofa na fara rufewa kafin in je kan 'yata. Tana bugun ƙasa da kai, ni ina fama da sakata.

Na juya ta gefe, na sa zanena ƙarƙashin kanta, na riƙe ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya daɗe fiye da kowane lokaci. Ya sake ta, kafin ta farfaɗo ya sake kamawa. Kande ta ƙwala kira ta katanga, "Maman Fiddausi, lahiya?" Na ce akuya ce ta ɓarar mini da zoɓo. Ba mu da akuya.

Ta ciji harshe. Gefen goshinta ya fashe. Yanzu tana barci. Na wanke tsakar gidan sau biyu, jan bai fita ba.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Na kai mata kunu. Ta karɓa ba ta sha ba. Harshen ya kumbura, magana tana fita da ƙyar.

"Inna, ƙwayar da aka kama Baba da ita, tawa ce ko?"

Na ce ta sha kunu kada ya huce.

"Ran da ya tahi Kurfi ita ya je karɓowa. Kuma wanga da kike ba ni ba sabon samhuri ba ne, na ga sawun reza."

Na zauna a bakin gado. Na ce babanta ya hana a faɗa, ya ce bai yafe ba.

"Ke ya ce ma. Ni bai ce mani komi ba."

Na ce, "Ke yarinya, kin san abin da zai biyo baya? Zoɓonki, Zaharaddin, ƙawayenki. Ko a biki ba za a zauna kusa da ke ba."

Ta ce, "Inna, ni ke hwaɗuwa, ba ku ba. Tun ina ƙarama kuke rufe ƙofa, ba wanda ya taɓa tambayata ko ina son a rufe. Baba shina kwana cikin 'yan ƙwaya don ni, ni kuma in zauna ina tace zoɓo? Gobe zan tahi Katsina. In kin raka ni, to. In ba ki raka ni ba, in na hwaɗi a mota direba ya ji da ni."

Na yi mata tsawa, na ce ba ta da kunya. Na fita na zauna gaban keken ɗinki, na yi ta taka shi ba ƙyalle a ƙarƙashin allura. Tsoro nake ji. Amma can ƙasan tsoron akwai wani sanyi, kamar an sauke mini tulu daga ka, kuma na ji kunyar wannan sanyin.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan magariba

Asibiti muka fara zuwa, wancan na da. Likitan da ya gan ta tana ƙarama ya bar wurin tuntuni. Wata matashiya ce yanzu, ba ta fi ta da yawa ba. Ta duba harshen da goshin, ta yi tambayoyi, yarinyar nan tana amsawa da kanta, ni ina zaune kamar 'yar rakiya. Da ta ji na raba ƙwayar biyu, kuma shekaru ba mu dawo an duba ta ba, ta ajiye biro.

"Mama, wanga magani ba a rage shi kai tsaye. Kin san shekaranjiya kina iya rasa ta?"

 

Aka tono tsohon fayil ɗinta, ashe su ba su ƙone nasu ba. Ta rubuta magani, ta rubuta takarda zuwa ga hukumar. Muka karɓi maganin a tagar asibiti, cikin kwalinsa, da sunanta a jiki da manyan baƙaƙe. Na ce ta sa a jaka. Ta riƙe shi a hannu har bakin titi.

Sai da muka kira Alhaji Hudu, don an ce dole namiji ya tsaya wa Malam. Ya iso ofishin yana huci, yana tambayar wa ya ba mu izinin fitowa. Jami'ar nan ta ranar ce. Ta ce, "Wa ke magana?"

Yarinyar nan ta miƙe.

"Sunana Fiddausi Atiku. Ina da farfaɗiya tun ina shekara takwas. Maganina ne a aljihun babana."

Ga shi na rubuta. Ita ta faɗa, ni kwafa kawai na yi.

Alhaji Hudu yana kusa da ita a kan benci. Na ga ya tattara babbar rigarsa ya matsa. Jami'ar ta karanta takardar, ta kira asibitin a waya, ta ce za su kammala bincikensu, in komai ya daidaita Malam zai fito farkon mako. Ba su bari mun gan shi ba, lokacin ziyara ya wuce. Na gode wa Allah da hakan.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Alhaji Hudu ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallah ya wanke sunan gidansu. Ƙanensa ba dillalin ƙwaya ba ne, maganin 'yarsa ne, ga irin ciwon da take da shi, kuma ba daga wajensu ta gado shi ba. Kafin la'asar Kande ta shigo, ba aron komai.

"Ashe haka kike ciki, Maman Fiddausi? Shekara da shekaru, katanga guda, ba ki hiɗi ba?"

Har da hawayenta, kuma na yarda na gaske ne. Yarinyar nan ta kawo mata tabarma. Ta ce a'a, sauri take.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Mai shago ya dawo da kular zoɓo a cike. Ya ce ciniki ne ya ja baya.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan isha'i

Zaharaddin ya kira ta. Ta shiga ɗaki ta rufe, sun daɗe. Da ta fito na dube ta, ta ce, "Ya ce shi ba komi, amma sai ya ji ta bakin Hajiyarsu." Ta ɗauki buta ta yi bayan gida. Ban bi ta da tambaya ba.

Talata, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Malam ya dawo. An gargaɗe shi, an sa ya sa hannu, an sake shi. Ya rame, gemun ya ƙara fari. Na yi masa sannu da zuwa, ya amsa wa iska.

Kafin ya gama wanka zaure ya cika. Duk waɗanda suka yi ta wuce ƙofar nan kamar gidan mayu, yau ga su da barka da arziki, kowa yana cewa shi dama bai yarda ba. Mata ma sun cika tsakar gida, har masu atamfa biyun nan. Na daɗe ina son jin hayaniya a gidan nan, yau na ji, ban ji daɗinta ba.

Na cika jug da ruwan sanyi zan ba wani ya miƙa zaure, yarinyar nan ta karɓe ta kai da kanta. Ta labule nake kallo. Ta durƙusa ta zuba a kofuna, ta gaishe su. Kowa ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya ba da lafiya. Ba wanda ya miƙa hannu. Wani ya ce azumi yake, ranar Talata. Malam yana zaune yana kallon kofunan nan ɗaya bayan ɗaya. Da suka watse ta je ta kwaso su a cike, ta juye wa bishiyar lemo.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan sallar asuba

Ya dawo daga masallaci ya same ni ina hura wuta. Ya tsaya a kaina. Tun jiya sai yanzu ya dube ni.

"Na ce maki kada ki hiɗi."

Na ci gaba da hura wutar.

"Da kin bar ni. Shekara nawa za su ba ni? Ina iya zama. Yanzu kin hiddo ni, kin saka ta. Ita wa zai je ya hiddo ta?"

 Ashe ba wanda ya gaya masa yadda aka yi, an dai ce masa iyalinsa sun kawo takarda. Yana zaton ni na ja ta. Kalma ɗaya zan faɗa in fita daga rashin yafiyarsa: ita ce, ni rakiya na yi. Amma in na faɗa, zai juya da wannan fuskar ya dubi 'yarsa, ita da ba ta da sauran wanda ke shan ruwan hannunta sai mu biyu.

Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ni ce."

Ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa. Ita tana barci ba ta ji ba, maganin yana sa ta nauyin barci da safe. Na ɗora ruwan kunu, na auna gasara ta mutum uku.